Na Kwashe Takin Gonarmu Na Kunna Wa Matata Wuta

Zuwa ga Malam Uwaisu,

Assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin ruwan shuka ya sauka, don in ya sauka ban yi wani abu ba, za a ja iyaka a tsakiyar gonar mahaifinmu, kuma ni ne sanadi.

Ni malamin daji ne a Jibiya, shekaruna arba'in da ɗaya. Tun bayan farin da aka yi, aikina hana saran itace, ka ga bai kamata a ga damin itace a ƙofar gidana ba. Kananzir kuwa, duk da ana ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai, a nan sai dai mu ga tanka ta shigo, kafin azahar a ce ya ƙare, wai ya tsallaka Maraɗi. Matata Luba ta fi shekara tana girki da kara da ɓawon gyaɗa. Idanunta kullum jajur, ga tari.

Bara da na je kwas Katsina, wani malamin kimiyya Ba'indiye ya zana mini yadda suke yi a ƙauyukansu. A haƙa rami a shafe shi da siminti, a dama ɗanyen kashin shanu da ruwa a zuba, a kifa duro a kai. In ya ruɓe sai ya fitar da iska mai kama wuta, a ja ta da tiyo zuwa murhu. Na gina. Ni mutum ne mai rubuta komai a littafi kullum, don haka zan iya gaya maka kwana ashirin da shida na yi ina ƙyasta ashana a banza, maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Ranar 9 ga Janairu wuta ta kama, shuɗiya, babu hayaƙi. Luba ta dafa shayi, ta zauna tana kallon gindin tukunyar da bai yi baƙi ba. Yanzu tarin ya tafi.

To ga inda na yi ɓarna, ko kuma ban yi ba, na kasa tsayawa a kan ɗaya. Gonarmu ta gado tana Mazanya, yayana Mahmudu ke riƙe da ita, ba a raba ba. Kowane rani wani makiyayi, Manu, yakan sauke garkensa a ciki, shanu su ci kara su bar mana taki, haka ake yi tun zamanin mahaifinmu da nasa. Ni kuma kowace safiya ina aika jaki a ɗebo garwa huɗu na ɗanyen kashin shanun. Manu na tambaya, ya yi shiru, sannan ya ce ai gonarku ce. Yaya ban tambaye shi ba. Na duba littafina, sau uku na rubuta cewa gobe zan gaya masa.

A kasuwa ya ji, ana yi masa ba'a wai ƙanensa mai boko ya fara cinye takin gona da tuwo. Bai zo gidana ba. Aike ya yi cewa ko taki ya tsaya a gona, ko a kira dattawa a yanka mini rabona kafin shuka in yi abin da na ga dama da shi. Luba kuwa na ga ta fara tara kara a bayan ɗaki.

Ga wata damuwar kuma. Ragowar da ke fita daga ramin ta wani bututu, baƙin ruwa mai kauri, ina kora shi wani kwari a bayan gida. Ba ya wari sosai, amma kabewa da zogalen da ke bakin wurin sun yi wani irin girma, har ina tsoron macizai. Wannan ma na rubuta.

Na kasa zama wuri ɗaya. In fita in duba duro, in dawo in buɗe littafi, in sake fita. In na rufe ramin, Luba ta koma cikin hayaƙi. In na bar shi, na rasa yaya. Ko dama rawar kai ce ta ɗan boko? Me zan yi?

Mai Littafi, Jibiya

*

Mai Littafi,

Wa'alaikumus salam. Ba rawar kai ba ce. Mutumin da ya ga idon matarsa ya yi ja ya tashi ya nemo magani, ya yi abin kirki, kuma ka bar itatuwa a tsaye. Amma yayanka yana da gaskiya, kuma kai ma ka sani, shi ya sa ka rubuta "gobe" sau uku. Gona ta gandu ce, takinta ma na gandu ne. Shi zai tsaya a ciki da kaka ya ga geron da ya tsumbure. Ka kuma bari ya ji labarin gidansu a bakin 'yan kasuwa. Ina jin wannan ya fi garwa huɗu yi masa ciwo.

Sai dai maganin yana cikin littafinka, ka rubuta shi ka wuce. Me kake zaton ya sa kabewar nan girma? Ramin iska kawai yake cirewa, yawancin ƙarfin takin yana nan cikin baƙin ruwan da kake zubarwa. Wata huɗu ke nan kana binne takin Mazanya a bayan gidanka kana tsoron macizai.

Ga abin da nake gani. Tun yau ka dakatar da jakin. Ka kwashe abin da ya taru a kwarin, ka haɗa shi da kara da yayi ya ɗan sha iska a inuwa. Sannan ka kai shi gona da kanka, ka sami yayanka a gida, ba ta ɗan aike ba. Ka bar littafin a ɗaki. Ka fara da neman gafara, kada ka fara da bayanin kimiyya. In ya sauko, ka roƙe shi ya ware kunya goma a zuba wannan takin, kaka ta raba gardama. Ka biya wurin Manu ma, don shirun da ya yi maka magana ce, ka sa shi tsakanin 'yan'uwa biyu.

Wutar Luba kuma ba sai ta mutu ba. Garinku garin kan iyaka ne, shanu na kwana a kara, wato kasuwar dabbobi, suna jiran mota. Ka sami Sarkin Kara ka nemi izinin ɗibar kashinsu. Ta haka gonar za ta samu fiye da abin da ta rasa, tunda ragowar can za ka riƙa kaiwa. In Yaya ya ce duk da haka kada a sake taɓa takin Manu, ka ce to, ka tsaya a nan.

Ka tafi da kabewa ɗaya, babba, ka ajiye a gabansa. In ya tambayi inda ta fito, sai ka yi bayani.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Luba lafiya, ya ba da damina mai albarka.

Malam Uwaisu