Muryoyin Matan Kazage da Kika Bar Mini

Zuwa ga yayata, Malama Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babba, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama da yalwar makwanci. Mutanen gida lafiya lau. Inna ta rage kuka, sai dai har yau ba ta yarda a taɓa ɗakinki ba. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba, amma magana ta cika mini ciki, kuma ba ni da wadda zan faɗa wa sai ke da kika ja mini ita.

Mutanenki sun zo, Yaya. Ƙungiyar nan taku ta masana harshe da kwamfuta ta Afirka ta Yamma, wadda kike zuwa taronta muna tsokanarki wai kin tafi koya wa ƙarfe Hausa. Da fari waya suka yi ta ta'aziyya, na amsa na gode. Bayan sati biyu suka sake kira. Ran nan sai ga wata Dakta Sa'adatu a ƙofar gida, ta biyo hanyar Kaduna zuwa nan Birnin Gwari da kanta, da turmin atamfa na Inna da kwalin sabulu. Na ce a raina, wannan gaisuwa da biyu aka zo ta. Wa zai biyo hanyar nan, ko an yi sulhu da mutanen daji ko ba a yi ba, don kawai ya ce Allah Ya jiƙan rai?

Ai kuwa ba ta gama shan ruwa ba ta ɗauko zancen. Wai akwai sauran muryoyin da kika ɗauka ba ki aika musu ba, na matan ƙauyen Kazage da suka gudo cikin gari lokacin da mutanen daji suka tashe su. Wai so suke a koya wa na'ura jin Hausar ƙauye, don wata rana mace ta ɗauki waya ta faɗi ciwon ɗanta da bakinta a ba ta amsa. Maganarki ce sak, har yadda kike ɗaga yatsa. Abin ya ƙara ba ni haushi, don ban san ko koya ta yi daga gare ki ba, ko lallashina take da shi.

Na tambaye ta wa zai saurari muryoyin. Ta ce kowa, za a ajiye su a intanet kyauta saboda masu bincike. Da murmushi ta faɗa, kamar ta yi mini albishir. Ni kuwa na maimaita kalmar a raina. Kowa fa, Yaya. Mutanen daji ma kowa ne, kuma wayoyinsu sun fi namu kyau.

Ta ce in kwantar da hankalina, za a cire sunaye, haka takardar yardar da ake ba masu murya ta tanada. Wallahi sai da dariya ta kufce mini a gaban baƙuwa. A Kazage wa ke neman suna? Mama Ladi, Bagwariyar nan mai daddawa, ko tari ta yi a bayan danga an san ita ce, balle ta buɗe baki ta haɗa Hausa da Gwaranci yadda ta saba. Waɗanda suka tsara takardar yardar nan a garuruwan da mutum bai san maƙwabcinsa ba suke zaune. Na ce mata ban san inda kika ajiye komai ba. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini.

Memorin wayar da kika ɗauki muryoyin a kai yana hannuna. A cikin gwangwanin allurata na same shi, naɗe a ƙyalle, kwana uku bayan an kai ki.

Ina tuna ranakun. Bayan kin taso daga makaranta, matan su cika ɗakinki, ki dama musu kunu, ki ajiye waya a kan tabarma. Ni ina baranda a kan keken ɗinki, ke kina leƙowa kina harara wai ƙarar keken na ɓata miki aiki. Kullum abu ɗaya kike gaya musu: “Ku yi magana yadda kuka saba, kada ku gyara mini Hausa.” A lokacin na ɗauka hirar noma da girki kawai kuke yi.

Da Dakta ta tafi na sa memorin a wayata. Yawanci hirar noman ce da girkin, da sunayen ganyaye, da dariya. Amma na Mama Ladi, da dafa kalwa ya fara, ya ƙare a daji. Ta ba da labarin kwanakin da mutanen daji suka tsare su, sannan ta faɗi wanda ya nuna wa mutanen hanyar unguwarsu. Ba ta kama suna ba, amma ta faɗi sana'arsa da yadda yake tafiya, kuma yaron goye ma zai gane shi. Mutumin nan yana nan a kasuwar Birnin Gwari, Yaya. Tun da aka yi sulhu ya baje kayansa, ana gaisawa da shi hannu biyu. Ni ma ina wucewa ta gabansa in ce ina kwana. Ba zan ƙara komai a kansa ba, don ban san idon da zai karanta wannan takarda ba.

Daga nan zargina ya dawo kanki, ki yi haƙuri. Duk wata kina aika musu aiki, me ya sa wannan kika riƙe? In kin yarda da su, me ya hana ki ba su? In ba ki yarda ba, me ya hana ki goge? Kuma don me sai a gwangwanina, ni da ko sakandare ban gama ba? Na yi fushi da ke sosai, na kwana biyu ban iya yi miki addu'a da zuciya ɗaya ba.

Na kira Dakta na gaya mata gaskiya. Na yi zaton za ta matsa, sai ta ce dokar ƙungiyarsu ita ce murya ta mai ita ce, in mai ita ta ce a'a magana ta ƙare. Ta ce in koma wa matan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta saurari nata kafin ta yarda. Magana mai daɗi. Har yanzu ban san ko gaskiya ce ko wayo ba, kuma idona yana kansu. Amma shawarar na ɗauka.

Ranar Lahadi na hau mashin zuwa Kazage, na sami Mama Ladi ta dawo daga coci. Tun bayan sulhu ta koma gonarta, ta rame. Ta yi mini ta'aziyya, ta ba da haƙurin rashin zuwanta, sannan ta ja ni bayan rumbu. Ta ce tun da ta ji rasuwarki ba ta sake samun natsuwa ba, duk baƙon mashin da ya shigo unguwa sai ta ɗauka maganar ce ta fita. Ta riƙe hannuna ta ce, “Malama ta ce mini amana ce. Yanzu a hannun wa take?”

Na ce a hannuna. Ta ce in goge a gaban idonta.

Na roƙe ta in ji ƙarshen sau ɗaya tukuna. Kin san abin da ke wurin, Yaya? Bayan ta gama, ana jin kina jan hanci. Sai kika ɗaga murya: “Jummai, tsayar da keken nan ki kawo wa Mama ruwa.” Na bi memorin nan kaf, babu wani wuri da kika kira sunana sai nan. Ban iya yanke shi in ware ba, kuma duk wanda ya iya sai ya saurari sauran. Mama Ladi ta ga hawayena, ta ce in ya yi mini nauyi in bari sai wani lokaci. Tana faɗa tana ƙara riƙe hannuna.

Na danna, Yaya. Na goge nata. Ta durƙusa ta yi godiya da Gwaranci, ni kuma na hau mashin na yi kuka har gida. Ina kewarki ƙwarai, kuma yanzu ba ni da inda zan sake jin kin kira ni.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya karɓi aikin da kika yi da kyakkyawar niyya. Allah Ya rufa wa Mama Ladi asiri, Ya tsare ta da 'ya'yanta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In na yi kuskure a amanarki, ki yafe mini.

Taki har kullum,
ƙanwarki Jummai.