Ki Nuna Masa Iyaka

Asabar da dare, Jambutu

Yanzu na dawo daga Ngurore, ko wanka ban yi ba. Baba ya tara mu a gindin mangwaro, ya ce gwiwa ta ƙi, ya ajiye fartanya ke nan. Har na gyara zama, don damina takwas ni ce nake tashi daga koyarwa in nufi fadamarsa in duba masa shinkafa. Sai ya miƙa wa ƙanena Yakubu takardar gona. Yakubun da rabonsa da wurin tun yana firamare!

Na ce, "Baba, ni fa?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Rifkatu, ke kina da aikinki da gidan mijinki. Tashi ki nuna masa iyaka."

Na tashi na nuna masa, daga tsamiya har bakin rafi. A hanya na karɓi takardar na duba. Ashe tun kafin girbin bara mai unguwa ya sa hannu. Wato lokacin da muke sussuka Baba yana kirana manomiyarsa a gaban mutane, takardar tana cikin akwatinsa. Mama ma ta sani, shi ya sa ta kasa kallona. Wannan ya fi rasa gonar ciwo.

Da zan hau keke Yakubu ya biyo ni, ya ce, "Yaya, yaushe ake yafa iri?" Na faɗa masa gaskiya, don gonar ba ta yi mini laifin komai ba.