Inna Ta Sa Auta Cikin Matattu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da 'yar ɗiyarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ce dai take ta fama, yau sauƙi gobe ciwo.

Na rubuto ne don in na kira ka, sai ka ce kana gaban wuta, burodi zai ƙone. Maganar nan kuwa ba ta tsaitsaye ba ce.

Ka san al'adar Inna bayan sallar asuba. Takan zauna kan dardumarta ta jero mutanenta da suka riga mu gidan gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan abin da take tuna shi da shi, sannan ta ce Allah ya ji ƙansa. Kakanta mai tari. Kakarta mai tsoron kyanwa. Har ta gangaro kan Baba, wanda shi ne na ƙarshe.

To yanzu Baba ba shi ne na ƙarshe ba. Kai ne.

Ina cikin share tsakar gida na ji ta ce, "Da Autana mai cin ƙanzon tukunya, Allah ya ji ƙansa." Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na leƙa na ce, "Inna, Auta fa yana da rai." Ta ce, "Ke dai ƙarasa shararki." Na ɗauka subul da baka ne. Washegari ta sake, jibi ma haka, kuma har yau ba ta fasa ba.

Ban faɗa wa kowa ba, ko mijina. Amma ni ba zan iya ci gaba da cewa amin ba, kuma ba zan iya yin shiru ba. Tun rasuwar Baba ba ka tako gidan nan ba. Ka yi tunani.

Ka gaida mutan gida.
Yayarki ta kullum, wato Yayarka, ka ga har hannuna ya ruɗe.

Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode. Ina gaida Inna da jiki, da maigidanki, da yara.

Da farko dariya na yi. Na ce wa abokin aikina, ka ga mamacin da yake tashi kullum ya kwaɓa fulawa buhu-buhu. Amma da na koma gida na kasa cin abinci. Yaya, abin ya yi mini ciwo. Wa ya aiko da keken da ake tura ta a kai? Wa ya aiko da fanka, da katifar nan mai taushi? Matacce ne yake aiken kaya?

Ina ganin tsufa ne. Ki kai ta wurin likita ya duba ta, an ce akwai magani mai taimaka wa masu mantuwa. Ki kuma karanta mata wannan takardar da ƙarfi, kusa da kunnen da take ji da shi: Inna, ni ne Auta, ina nan da raina, har tumbi na ajiye.

Maganar zuwa kuwa, ba ƙi nake ba. Gidan burodin nan in na ɗaga ƙafa komai sai ya tsaya, sababbin ma'aikata ba su san wuta ba. Kuma ke kin saba da gidan yadda yake yanzu. Ni a idona Baba yana nan a ƙofar gida kan kujerarsa, rediyo a cinya. In na zo na tarar da kujerar babu kowa, ranar zai mutu a wurina. Ki bar ni tukuna.

Ki yi haƙuri da ni.
Ƙanenki, Auta.

Auta,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, na karanta mata kamar yadda ka ce, har wurin tumbin.

Ta saurara tsaf. Da na gama sai ta ce, "Rubutunsa har yanzu kamar kaza ta yi tono?" Na ce har yanzu. Ka ga ke nan ba ta manta da kai ba, kuma ba likita take bukata ba.

Na ce, "To Inna, tunda kin san yana da rai, don me kike sa shi cikin matattu?" Zan rubuta maka amsarta yadda ta faɗa, ba ragi ba ƙari. Ta ce: "Kaya suna zuwa, na gani. Amma ɗan da na haifa, in yana da rai, da ya zo ya ga ƙafar nan. Kullum na tuna shi sai raina ya ɓaci, ni kuwa ina tsoron ɓacin ran uwa ya bi shi. Matattu ne kaɗai ba na jin haushinsu. Shi ya sa na ajiye shi a can, inda zan riƙa yi masa addu'a da zuciya ɗaya."

Na shiga kicin na yi kuka na more.

Akwai wata kuma, wadda ta fi damuna. Sunayen sun fara zube mata. Shekaran jiya ta zo kan 'yan'uwan Baba ta tsaya cik. Tana ta murza carbi tana cewa, "Akwai wani a nan, akwai wani a nan." Ta dube ni, ni kuwa ban sani ba. Ka san ni, tun muna yara da asuba ina wurin hura wuta da ɗora ruwa. Kai ne ɗan gata mai kwanciya a gefen dardumarta, har kana kwaikwayonta kana ba mu dariya. Na ɗauko biro na ce ta faɗa in rubuta, ta ture hannuna. Wai mutanenta ba kayan shago ba ne da za a jera a takarda, a baki ta karɓe su wurin kakarta, a baki za ta bayar. Ranar ba ta karya kumallo ba. Ta ce ta bar mutum a waje, ba ta san ko wane ne ba.

Kujerar Baba kuwa, kwantar da hankalinka. Ba ta zama babu kowa ba, mage ta haihu a kai.

'Yata ta kusa sauka, kuma haihuwar fari ce, dole in je in zauna da ita. Ba ni da wanda zan bar wa Inna. Ban roƙe ka ba, na dai faɗa maka.

Yayarka.

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba mai jego lafiya. Yanzu kin zama kaka, sai ki rage faɗa.

Mun yi saɓani, maƙwabciya ta ce motarku ba ta daɗe da tashi ba na iso. Kujerar na fara gani. Na tsaya a ƙofa na kasa wucewa, sai da magen ta yi mini tsawa. Na yi kukan da na daɗe ina gudu, kuma ga shi ban mutu ba.

Inna ta gane ni tun daga sallama. Ba ta tashi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe da gaske ne tumbin." Ta sa aka kankaro mini ƙanzon tukunya.

Da asuba na zauna a bakin ƙofarta. Yaya, jin abin a takarda daban, jin sa da kunne daban. Ina zaune, tana ganina, ta ce, "Da Autana, Allah ya ji ƙansa." Na ce, "Inna, ga ni fa." Ta ce, "Baƙo dai na gani. Jakarsa ma a ɗaure take." Na tashi na zazzage jakar, na jera kayana a cikin kwabar Baba. Na kira maigidan burodi na ce ya nemi wanda zai riƙe wuta, ban san ranar dawowa ba.

Washegari ta zo kan 'yan'uwan Baba ta tsaya, daidai inda kika ce. Ban san daga ina ya fito ba, bakina ne kawai ya ce, "Baffa mai gyaran agogo, wanda bai taɓa zuwa wuri da wuri ba." Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Shi ne. Allah sarki, ya sha tsayuwa a waje." Sai ta matsa, ta buga gefen dardumar da tafin hannu.

Tun ranar ni nake ja, ita tana gyara. In na tsallake wani sai ta make mini gwiwa da carbi, da furfurata da komai. Kin san akwai wata a tsakanina da ke? Inna tana ce mata "Baƙuwata da ba ta kwana ba." Ina yaro na sha faɗin wannan, na ɗauka wata mata ce ta zo wucewa. Ashe yayata ce. Inna ta ce ban da ita babu wanda ya rage a duniya da ya ga fuskarta.

Jiya na ja tun daga kakanta mai tari har Baba ba tare da an make ni ba. Da na zo ƙarshe ban san abin da zan yi da kaina ba. Na ce, "Inna, in faɗi Auta?" Ta ce, "A'a. Auta ya dawo." Ta ɗan jima tana murza carbi, sannan ta ce, "Amma wurin nan kada ka rufe shi. Akwai mai shi."

Na gane, na yi kamar ban gane ba.

Kada ki yi gaggawar dawowa saboda mu, na iya shafa mata maganin ƙafar. Amma kada ki daɗe ƙwarai. Abincinta ya ragu.

Ƙanenki, Auta.

Yaya,

Sallama. Na iso lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Inna, ya sa ta huta. Na gode Allah da kika dawo kika same ta, har ta riƙe jaririn.

Na koma bakin aiki. Yau da asuba, kafin in kunna wuta, na shimfiɗa dardumarta na ja su duka. Ban bar kowa a waje ba. 'Yata ta biyo ni ta kwanta a gefe, tana ta dariyar kakar da ke tsoron kyanwa. Ban hana ta ba.

Da na wuce Baba na zo wurin nan, sai na tsaya. Yarinyar ta taɓa gwiwata ta ce, "Baba, saura wa?"

Na ce, "Da Innata, mai jiran Auta."

Ki ce amin.

Ƙanenki.