Farfesa ya ce in cire ƙauyen uwata daga bincikena

Anti Konadu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa, ban ma san ta inda zan fara ba.

Ina digiri na uku a fannin tattalin arziki a wata jami'a a nan Kumasi. Aikin banki mai kyau na ajiye na koma karatu, kowa yana cewa na haukace, in ban da mijina Kwarteng. Bincikena a kan wata inshora ce ta manoman koko: manomi ya zuba ɗan abu farkon damina, in ruwa ya yi ƙaranci a biya shi. Farfesa Oteng, mai duba aikina, shi ya tsara ta, da ita ya yi suna, kuma shi da kansa ya ba ni batun.

Damina biyu na yi ina yawo a ƙauyukan Sefwi, a bayan babur, cikin laka. Abin da na gano bai yi daɗi ba. Na'urar auna ruwan sama tana cikin gari, wasu gonakin kuwa suna bayan tsauni. A gari an yi ruwa, a ƙauyuka uku ko ɗigo, koko ya bushe a bishiya, amma tunda na'ura ta ce an yi ruwa, ba a biya kowa ba. Ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, a can aka haife ni. Uwata tana cikin waɗanda suka shiga, kuma ta shiga ne don ta ji malamin 'yarta ne ya kawo abin.

Da Farfesa ya karanta, ya zare tabarau ya ce, "Ke 'yata, ƙauyuka ukun nan ba su wakiltar komai. Cire su lissafi ya zauna, ki gama ki huta." Na ce ba zan iya ba. Ya yi dariya ya ce, "Ashe tausayi kika zo karanta, ba tattalin arziki ba." Tun ranar bai sake sa hannu a babi ko ɗaya ba. In na je ofis, yana taro. In na kira, yana Akara.

Waɗanda muka fara tare sun gama, sun sa riga da hula sun watse. A gida Kwarteng kan ce, "Dakta, yau ma garin kwaki za mu jiƙa?" Da can tare muke dariya, yanzu in ya faɗa ko murmushi ba ya yi. Kawuna ya tashe ni a gaban jama'a wurin jana'iza ya ce, "Ga likitar kuɗin gidanmu!" aka yi ta tafi, ni kuwa kamar in nutse. Uwata ta kira ta ce, "Yaushe malaminki zai turo mana haƙƙinmu?" Na daina zuwa gida saboda wannan tambayar.

Wa'adina zai ƙare bana. Kwamfuta ma na kasa buɗewa. Sai in shirya kamar zan tafi makaranta, in sauka a tashar Kejetia in zauna ina kallon motoci har yamma. Wani lokaci in ce bari in cire ƙauyukan, wa zai sani? Wani lokaci in ce in tattara in bar karatun. Abin da ya fi cin raina, Anti, shi ne ta yiwu shi ke da gaskiya, ni ce ban iya aikin ba. Me zan yi?

Wadda ta gaji, Kumasi

Amsa:

Ƙanwata, sannu. Share hawayenki mu yi magana.

Farfesanki yana da hujja ta wani ɓangaren. Na tambayi masana fanninku, sun ce akan ware wuraren da suka sha bamban da sauran, in akwai dalili. Kuma masu jarrabawa za su tambaye ki a kan ƙauyenku, don haka ki riga su faɗa a rubuce cewa a can aka haife ki. Amma a cire a ɓoye don kawai sakamako ya yi kyau, wannan ƙarya ce, kuma sunanki ne zai zauna a kanta, ba nasa ba. Shi kuma bai kamata ya zama alƙali shi kaɗai a kan abin da ya tsara da hannunsa ba.

Ki fitar da sakamakon kashi biyu, ɗaya da ƙauyukan, ɗaya babu su, ki bayyana abin da ya raba su. Ki nuna cewa matsalar nisan na'ura ce, abin da za a iya gyarawa. Wannan zai ba shi hanyar sauka ba tare da ya ji kunya ba. Ki tura masa a rubuce, cikin ladabi. In ya yi shiru, ki je wurin shugaban sashe ki nemi mai duba aiki na biyu da ƙarin wa'adi. Haƙƙinki ne, ba ƙara kika kai ba.

Zaman Kejetia ya fi digirin damuna. Ki ga mai ba ɗalibai shawara a makaranta cikin makon nan, ki kuma zaunar da Kwarteng ki gaya masa inda kike wuni. Mutumin da ya tsaya miki lokacin da kowa ya ce kin haukace, gajiya ce ta kama shi, ba ƙi ba.

Sannan ki je gida. Ki gaya wa Mama kuɗin ba a hannunki yake ba, kuma ta yiwu ba zai zo ba. Za ta ji zafi, amma rashin ganinki ya fi mata zafi.

Ba zan yi miki alkawarin digiri bana ba, ta yiwu ki rasa shekara, ta yiwu ki rasa Farfesa. Amma kada ki yanke shawarar barin karatu alhali kina cikin wannan hali. Kin je har bayan tsauni kin ga abin da na'ura ba ta gani ba, wannan ba aikin wadda ba ta iya ba ne. Allah ya sanyaya miki rai, ya buɗe miki hanya. Ki gaishe min da Mama in kin je.

Anti Konadu