Mutum Bakwai na Juma'a

Zuwa ga yayana Modibbo, limamin Tsamiyar Gaji, ƙasar Dutse.

Bayan gaisuwa da ban girma, yaya jikin Iya, yaya Luba da yara? Ina fatan gero ya yi kyau.

Allah gafarta Malam, wata tara ke nan cif rabona da gida, tun ranar da aka ɗebe mu, mu goma sha ɗaya, zuwa aikin hanyar jirgi a nan kan duwatsun Bukuru. Saƙonka ya iso. Ka ce tun tafiyarmu azahar kuke yi ran Juma'a, don magidanta biyar suka rage, sharaɗi kuwa sha biyu ne ban da liman. Ka ce in kaka ta wuce ba mu cika ba, alƙali zai mayar da Juma'ar wani gari. Wato bakwai kake nema a hannuna.

Na daɗe da takardar nan a aljihu ina jin haushinka, don ka tambayi adadinmu kafin ka tambayi lafiyarmu. Daga baya na huce. Kakanmu Gaji duwatsu ya jera a gindin tsamiya, su uku suke salla. Babanmu ya kewaye da zana. Mu muka yi tubali, muka ɗauko azara a ka, har tsofaffi suka huta da tattakin zuwa Dutse kowane mako. Wanda ya ga wannan ba zai so Juma'ar ta mutu a hannunsa ba. Da ni ne liman, abin da zan tambaya ke nan.

To ga labari. Sanyin ƙasar nan ya kama ƙirjin Isah da Hussaini, ni na yi musu wankan gawa. Ɗanladi ya gudu, ban san inda ya nufa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sale ya auri wata mai tuwo, ya ce a gaya maka nan ma ana kiran salla. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe, amma ko ba komai shi ne kaɗai ya yi ƙiba a cikinmu.

Ahmadu kuwa ƙarfen dogo ya faɗa masa a ƙugu, ba ya iya tsayuwa. Ya ce mu bar shi, kaya ne. Na ce ko a kwance ne sai ya cika mana sahu. Na ba da babbar rigata na karɓi jaki. Ka duba littafi, ina jin mai salla a kwance ma magidanci ne.

An sallame mu, jibi za mu taso. Ka sa a gyara indararon masallaci. Na gaji, Malam, gajiyar da barci ba ya magani.

Abin da na iya tsirarwa ke nan: shida a ƙafa, har da ni, ɗaya a kan jaki. Bakwai. Ku roƙi Allah kada hanya ta rage.

Ƙaninka,
Abdulƙadir