Teburin da Gaspard Bai Ƙarasa Ba

Litinin, 7 ga Maris, 1768
Matar alƙali ta sake aikowa kan teburin rubutunta. In ba a gama ba zuwa Afrilu za ta kai aikinta wani shago, ma'aikatana kuma su watse. Tun rasuwar mijina Gaspard teburin yake lulluɓe. Rabin furannin katako na adon samansa Gaspard ya jera, sauran rabin katako ne tsirara.

Alhamis, 10 ga Maris
Anselm, Bajamushen nan babban ma'aikacinmu, ya ce in bar shi ya ƙarasa. Na ce a'a. Bai yi musu ba, ya koma kan zartonsa.

Asabar, 12 ga Maris
Na ce to.

Asabar, 19 ga Maris
Shago na ƙamshin gam kamar dā. Na tsaya ina kallon Anselm yana tsoma ƴan yankakkun katako cikin yashi mai zafi, bakinsu ya yi duhu, sai ga ganye kamar iska za ta kaɗa shi. Ba ya waƙa in yana aiki. Gaspard kam har maƙwabta sai sun yi ƙorafi.

Talata, 29 ga Maris
Na duba da kyau. Furannin Gaspard a tsuke suke, na Anselm sun buɗe. Raina ya ɓaci, na ce ya cire.
"Uwargida," in ji shi, "Maigida ya tafi da hannunsa. Nawa kaɗai ya rage mini."
Na hau sama. Ban yi kuka ba. Kaɗan dai.

Talata, 5 ga Afrilu
Ba a cire ba. Na buga hatimin Gaspard a ƙasan tebur da kaina, tunda ƙungiyar kafintoci ta yarda wa matar mamaci. Anselm ya riƙe mini ƙarfen hatimin, sai kallon bango yake.

Asabar, 16 ga Afrilu
An ɗauki tebur jiya. Wurin ya yi fili.
Yau a wajen mai burodi maƙwabciyata Toinette ta kama ni: "Ke Perrine, shuɗin ƙyalle a wuya? Ina baƙin na takaba?"
Na ce wanke shi na yi, bai bushe ba.
"Da wannan ranar da ake ƙwallawa?" Har da tafa hannu.
Bakinta ba ya hutawa. Burodi biyu na saya. Anselm na son mai ɓawo sosai, ba wani abu ba ne.