Finjalin da Abu Nawwaf ya bari a ƙasa

Daga Zarƙa
Zuwa ga yayana Miflih, Abu Nawwaf, a Karak

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Hamda da yara. Ya ƙarfin jiki? Don ladabi kawai na tambaya, tunda na ji likitocin Amman sun gama gasa maka ciwon da na'urarsu tun bara, sun ce ciwon ya kwanta. Wayarka ce dai har yau ba ta farfaɗo ba, shi ya sa na koma takarda kamar zamanin mahaifinmu. Salame direba zai kawo maka.

Ɗana Rakan ya ga yarinya. Sunanta Wijdan, malamar makaranta ce, ta kuma yarda da shi. Ka san 'yar wane gida ce? 'Yar ƙanen Za'al ce, Abu Talal na Madaba. E, shi ɗin dai. Kai ka koya wa rabin Karak cewa jagoran masu neman aure yakan ajiye finjalinsa a ƙasa, ba ya kurɓa sai masu gida sun ce masa "sha gahawarka, an ba ka." Amma kai ɗin ne ka je zauren mutumin nan bara don nema wa ɗan maƙwabcinka aure, yana tsakiyar magana ka miƙe, ka tattare alkyabba, ka fice ba sallama, ka bar masa gahawarsa tana hucewa a gaban dattawa.

To ga sakamakon. Mun aika a ji ta bakinsu, Za'al ya ce ba wata 'yar gidansu da za ta shiga danginmu sai wanda ya wulaƙanta finjalinsa ya dawo ya ɗauka. Uban Rakan yana kabari, kai ne kawunsa. Ban san abin da ya hura maka hanci ranar ba, ban kuma damu in sani ba. Ka ɗauko alkyabbarka ka zo ka gyara ɓarnarka.

Ka gaishe da Hamda. Allah ya ƙara sauƙi.
Ƙanwarka Fidda, Ummu Rakan

*

Daga Karak
Zuwa ga ƙanwata Fidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, kuma na ga tsufa bai rage miki kaifin harshe ba, alhamdu lillahi. Muna lafiya.

Wayar ni na kashe ta da hannuna. Na gaji da masu kira da muryar ta'aziyya. Ki ga yadda suke shigowa duba ni, Fidda: su zauna nesa, su sadda kai, su riƙa satar kallon marata kamar za su hango ciwon ta cikin riga. Ko sunansa ba sa iya kamawa, sai dai "wancan ciwon, Allah ya tsare." Ƙattai masu gashin baki, suna tsoron kalma! Wani ya kawo mini man habbatus sauda, wani ya kawo labarin surukinsa da aka ce ya warke sannan ya mutu. Su gama su cinye wa Hamda kwanon mansaf, shinkafa da naman rago, su tafi suna lissafin wanda zai gaji wurin zamana a ƙuryar zaure.

Ai an ma gada. Ɗan baffanmu Mashhur ne yanzu mai jagorantar dattawa. Mutumin da in ya fara jawabi har gahawar cikin buta sai ta yi tsami. Ki kai shi Madaba, ya sayi sabuwar alkyabba mai bakin zinariya, tana neman inda za a gan ta.

Ni aikina yanzu ɗaya ne. Duk wata uku in je Amman, wata yarinya da ba ta kai sa'ar jikata ba ta ɗebi jinina, likita ya dubi lambar da awon ya nuna. In lambar tana ƙasa, in dawo gida in ci abinci. In ta ɗaga, a sake zama. Mutumin da rayuwarsa ke rataye a lamba ba shi da lokacin lallashin Za'al. Shi ma Za'al ɗin, da ya ɗauki finjali ɗaya ya mai da shi abin gado, ai bai cika dattijo ba. 'Yan mata ba su ƙare a Zarƙa ba, Rakan ya duba wani gidan.

Na ba Salame jamid ɗin da kike so, busasshen kindirmon nan, na bana ne, ya bushe sosai. Ki gaishe da yaron.
Yayanki Miflih

*

Daga Zarƙa
Zuwa ga yayana Abu Nawwaf

Assalamu alaikum. Jamid ya iso, Allah ya saka. Shawararka kuwa na mayar maka, ka riƙe kayanka.

Na kai Mashhur, tunda ka ce. Ya yi jawabi har yara suka fara gyangyaɗi. Za'al ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya kira shi da alkunyarsa ya ce, "Abu Turki, kai baƙonmu ne, amma ba kai muke jira ba." Suka dawo da kunyarsu. Rakan ya daina cin abinci, wando na zamewa daga ƙugunsa. An ce akwai wani ɗan kawun yarinyar da ke jiran a ce mun janye. "Ya duba wani gidan," in ji ka, sai ka ce tumatir yake saye.

Da na rasa yadda zan yi, sai na kira Hamda. Kada ka huce a kanta, ni na matse ta har ta yi kuka. Yanzu na san abin da take wankewa da asuba tana shanyawa a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. Na san ƙunzugun da take aiken Salame ya sayo daga Amman, don kada mai kantin maganin unguwarku ya gane na wane ne. Na san kwalbar da ke ƙarƙashin kujerar motarka.

Wallahi Yaya na yi maka kuka. Da na share hawaye kuma sai haushi ya kama ni. Wannan ne? Wannan ne babban sirrin da ya sa Abu Nawwaf ya shige ɗaki kamar amarya? Ni na haifi shida. Tun daga na huɗu, ko atishawa na yi sai na sake zane. Rabin matan da ke dafa muku mansaf haka suke, kuma ba wadda ta fasa zuwa biki ko ta'aziyya. Ku maza ɗigo ɗaya ya same ku, sai duniya ta tsaya. Ka gwammace a ce kai mai girman kai ne, a ce ka fara ruɗewa, da a ce fitsari ya matse ka.

Ka kwanta a ƙarƙashin na'urarsu makonni tana gasa ka, ka tashi da ƙafarka. Yanzu kuma ɗan finjalin da bai kai cikin cokali uku ba ne ya gagare ka. Ka yi mini bayani, don kaina bai ɗauka ba.

Ina gaishe ka duk da haka, don uwarmu ɗaya.
Fidda

*

Daga Karak
Zuwa ga Ummu Rakan

Wa alaikumus salam. Ke da Hamda Allah ya shirye ku. Kwana biyu ban yi mata magana ba, ita kuwa ko a jikinta, har cewa ta yi ta huta.

Tunda kin tona, bari ki ji sauran, don ki daina haɗa ni da atishawarki. Gashin ya kashe ciwon, amma ya bar mafitsarar kamar fatar da ta ƙone. Ba ta gargaɗi. In ta ce yanzu, to yanzu ne. Hanjin ma wani lokaci haka. Ga allurar da suke yi mini don kada ciwon ya samu abin ci, ita kuma sai ta riƙa taso mini da zafi, zufa ta karyo mini a tsakiyar sanyi. Likita ya ce in rabu da gahawa, wai tana tsokanar wurin. Ni, Miflih, da aka yaye ni da ita!

Ranar nan a Madaba an zaunar da ni can ƙurya, wurin manya, nesa da ƙofa. Na ajiye finjali, na yi magana, Za'al ya fara amsawa. Kin san shi, sai ya faro daga kakan kakansa. Abin ya taso. Na daure, na daure, na ga ba dama. Da wane baki jagoran dattawa zai katse mai gida ya ce ina bayinku? Na miƙe ina cewa in kai mota in dawo. Ban kai ba, Fidda. A tsakar gidan mutane ya same ni, ya bi ƙafata har cikin takalmi. Na naɗe alkyabba na shiga mota. Da me zan koma?

Ke kina ganin wasa ne don ba ki zauna a zauren maza ba. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Su ne masu cewa wane ya gama, wane ya zama tsohuwa. Ni ma na faɗa a kan wasu, na yi dariya. Ba girmansu nake gani ba, wallahi ko kaɗan. Yawancinsu in ka cire alkyabbar ba abin da zai rage sai tumbi. Amma waɗannan banzayen su ne mutanen da nake da su.

Na je awo makon jiya. Lambar tana ƙasa. Likita ya yi ta murna kamar shi ya haife ni, ni kuwa na fito ina tunanin yaronki da wandonsa mai zamewa. In Allah ya bar ni da rai don in zauna gadin kwalba ne, to an yi asarar gashi.

Ki ce wa Rakan ya aika Madaba a sa ranar da za mu je. Ya kuma ci abinci, ba zan shiga gaban ƙwarangwal in ce a ba shi mata ba. Ban yi miki alkawarin komai ba.

Wassalam.
Miflih

*

Daga Zarƙa
Zuwa ga yayana, babban gidanmu, Abu Nawwaf

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ka gudu Karak tun kafin in gan ka, wayar kuma har yanzu a mace. To Rakan ya ba ni labari, na sa ya maimaita har ya gaji.

Ya ce zauren ya cika maƙil, har da waɗanda ba a gayyata ba, sun zo kallon yadda za a ƙasƙantar da kai. Ka ajiye finjalinka, ka nemi yarinya a taƙaice. Za'al ya gyara zama ya faro daga kakan kakansa, yana ja da gangan, yana kallonka ta wutsiyar ido. Can sai ka miƙe. Rakan ya ce Mashhur har ya dafe kai.

Sai ka ce, "Abu Talal, ina bayinku?" Ka ƙara da cewa, "Ciwon daji na yi a ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji a ɗakin nan. An gasa ta, na rayu, amma fitsarina ba ya jiran dattijo ya gama magana. Shi ya tashe ni bara, na jiƙa alkyabbata a tsakar gidanka, kunya ta hana ni dawowa. Shi ya tashe ni yau. A tsare mini finjalina."

Wani sakarai ya ƙyalƙyale daga baya, Za'al ya yi masa kallo ɗaya ya haɗiye sauran. Sannan tsohon ya dogara sandarsa ya tashi, ya kama hannunka, ya kai ka da kansa, ya tsaya a ƙofa yana jira. Da kuka dawo ya taɓa finjalin ya ji ya huce, ya zubar, ya karɓi buta daga hannun mai zubawa ya zuba maka mai zafi. Ya ce, "Sha gahawarka, Abu Nawwaf. An ba ka." Ka shanye, aka karanta Fatiha.

Na yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Amma kada kanka ya kumbura. Maganar da ba ta fi numfashi uku ba, ita ka ɓata shekara guda kana gudu, ka kusa jawo wa ɗana asarar mata. Allah ya ja da ranka, ya bar mana kai, mai taurin kan tsiya.

Ƙanwarka mai alfahari da kai,
Fidda

*

Daga Karak
Zuwa ga Fidda

Wa alaikumus salam. Ki rage guɗar. Gahawar Za'al ta biya kanta, daga Madaba zuwa gida kusan kowane dutse sai da na gaishe shi.

Jarumawan zaure kuwa sun fara sallama ta ƙofar baya. Jiya Mashhur ne, da alkyabbarsa mai zinariya, yana raɗa wai wani abokinsa yana yawan tashi fitsari, wane awo ake yi? Na ce ya kawo abokin zaure ya tambaya da ƙarfi, kunnena ba ya jin raɗa. Daga baya dai na ba shi sunan likitan.

Awo na gaba zai faɗo kafin biki. Ko lambar ta ɗaga ko ta kwanta, zan zo. Ki gaya wa Rakan kada ya kai ni ƙurya wurin manya. A sa mini kujerata a bakin ƙofa, in wani ya tambayi dalili a turo mini shi.

Na kunna wayar. Kada ki dame ni.

Wassalam.
Yayanki Miflih